Gado Na Tara

Ranar Talatar da likita ya ce Yaya ta warke, ranar ce aka ɗauke mata gado.

Haka tsarin asibitin yake, ba wanda ya ɓoye shi. Sau ɗaya a mako likita ke shigowa ɗakin mata, ranar Talata. Wadda ya ga ta samu lafiya sai ya sa mata hannu a takardar sallama, Sista ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan sunanta cikin babban littafin ɗaki. Daga wannan layin, ba ta da gado, ba ta da kwano a wajen masu dafa abinci, ba ta da ƙwaya a tiren magani. Amma kuma mai gadi ba zai buɗe mata ƙofa ba sai wani nata ya zo ranar Talata ya sa hannu a ƙasan takardar, a gaban likita, cewa ya karɓe ta. Wanda ya tsara abin ya ɗauka duk wanda aka ce masa ɗan'uwansa ya warke a guje zai zo. Bai san Auta ba.

Auta ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta goya har bayanta ya yi kanta. Shi ya kawo ta wata huɗu da suka wuce, lokacin da barci ya ƙaurace mata ta fara jin ana kiranta daga cikin keken ɗinkinta. Yanzu muryoyin sun yi shiru, tana barci, tana sallah a kan lokaci, ta san ranar da ake ciki. Ta mayar wa Sista shuɗiyar rigar asibiti, ta sa tata, wata koriya mai dogon hannu da ta ɗinka wa kanta da ɗinki biyu-biyu. Ta tattara mataji da zani da silifas a leda, ta zauna kan bencin bakin ƙofa, sai murmushi take wa duk wanda ya wuce.

Kafin katifarta ta huce an kwantar da wata a kai, wata yarinya da aka shigo da ita a ɗaure da ɗankwali. Yaya ba ta ji komai ba. Har ta leƙa ta ce wa uwar yarinyar, "Ku juya katifar, gefen bango ya yage, kuɗin cizo na nan ciki."

Rana ta yi tsaka, likita ya rufe jakarsa ya tafi. Auta bai zo ba.

"An kira shi," in ji Sista, ba ta ko ɗago kai ba. "Ya ce yana hanya."

"To yau a ina zan kwana, Sista?"

"Ni ma abin da zan tambaye ki ke nan. Ke yanzu ba tamu ba ce."

Ɗakin nan an gina shi ne don mata ashirin, mata arba'in da uku ne a ciki. Gadajen sun manne da juna, sai mutum ya bi ta ƙarshensu ya hau. Tagogi akwai ƙarfe babu raga, don haka sauro da ƙuda ba sa neman izini. Rufin ya tsage daga tsakiya, an jera bokitai uku a ƙasa, ko ba a ruwa suna nan. Banɗaki ɗaya ne, an cire ƙyaurensa tun shekarar da wata ta kulle kanta a ciki, ba a kuma mayar ba. Famfo kan kawo ruwa da safe na ɗan lokaci, wadda ba ta samu ba ta haƙura sai gobe. A can ƙarshe akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba taga ba tabarma, ana ce masa ɗakin hutu. Allah ya raba bawa da irin wannan hutun.

Wurin da ya rage a ƙasa shi ne tsakanin gado na ƙarshe da bakin banɗaki. Nan Iya mai shara ta shimfiɗa mata kwali biyu. Iya tsohuwa ce da ta shekara goma sha tana wanke ɗakin, ƙafafunta duk sun faffashe da ruwan omo.

"Yi haƙuri, 'yata," ta ce. "Kwana ɗaya ne."

Ranar Alhamis Auta ya zo, ranar ziyara, da burodi da lemo huɗu a leda. Ya sha farar shadda, sai ƙamshi yake. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana toshe hanci da hankici, wai mura yake.

"Yaya, sannu. Ashe an samu sauƙi, alhamdu lillahi."

"An sallame ni, Auta. Mu tafi."

"Ai ni ma da niyyar haka na zo. Sai suka ce sai Talata, likita ba ya nan. Kin ga laifina?"

"Talatar da ta wuce fa?"

"Mota ce ta tsaya mini a hanya. Wallahi kamar na yi kuka."

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Ta ce ya gaida matarsa da yara, ta raba lemon da Iya.

Talata ta biyu, taro ne a wurin aikinsu. Talata ta uku, ƙaramin ɗansa ne ba lafiya. Kullum Yaya ta tashi ta kama layin famfo, ta wanke fuska da ƙafa, ta sa koriyar riga ta zauna kan benci da ledarta a cinya har likita ya fita. Da a ɗakin "Gado Tara" ake kiranta. Yanzu wata ce Gado Tara, ita kuma ma'aikata suka sa mata "Mai Jira". Ba da mugunta suka fara ba, amma sunan ya bi ta.

Abinci kuwa, kwano arba'in da uku ake kawowa cif. Ita ce ta arba'in da huɗu. Sai an gama rabo Iya ta kankare mata ƙanzon shinkafa daga gindin tukunya, in wake ne ta tsiyaye mata ruwan. Wata rana mai rabon abinci ya kama su.

"Iya, kina son aikinki kuwa? Abincin majinyata ne."

"Ƙanzo ne fa, ɗan nan, zubarwa za ka yi."

"In zubar dai. Ita mai lafiya ce, danginta su ciyar da ita."

Maganin ma haka. An rubuta shi a wata 'yar takarda an maƙala jikin takardar sallama, wai wanda ya zo ɗaukarta zai nemo mata a waje. Safe da yamma tire na wucewa ta gabanta, tana ganin ƙwayarta, fara 'yar ƙarama mai tsaga a tsakiya, ana ba wasu. Ta roƙi Sista sau uku.

"A ƙirge suke," in ji Sista. "In na ba ki, sunan wa zan rubuta? Ke ba kya littafi."

Alhamis ta huɗu Auta ya sake zuwa. Wannan karon bai kawo lemo ba. Yaya ta yi ta maza ba ta yi masa ƙorafi ba, ta ce dai ya nuna mata yaran ko a waya ne, kewarsu ta dame ta. Ya zaro wayar da sauri, ya ji daɗin an canza magana. Ga su nan su uku a kan sabbin kujeru, cikin wani falo mai faɗi, an shimfiɗa tayil fari tas. Yaya ta ƙura wa hoton ido. Ba yaran take kallo ba. A bayansu akwai taga mai koren ƙarfe, ƙarfe ɗaya ya ɗan lanƙwashe. A gindin wannan tagar kekenta ya shekara ashirin, saboda haske.

"Auta, wannan ai tagata ce."

Ya karɓe wayar ya sa a aljihu.

"An ɗan buɗe bangon ne, Yaya. Falon ya yi mini kaɗan, baƙi na zuwa sai su tsaya a waje. Ɗakin kuma yana zaune ba kowa, ɓeraye ne kawai ke ciki."

"Ɗakin da Baba ya bar mini?"

"Ai gidan namu ne duka. Wa ya ce ba naki ba ne?"

"Kekena fa?"

"Yana nan lafiya lau, a bayan banɗaki, an lulluɓe shi da tamfol."

Shi kuwa da ya ga ba ta yi ihu ba sai bakinsa ya buɗe. Ya ce ba wai ba ya son ta dawo ba ne, ita yake tausaya wa. Unguwa ba ta manta da ranar da aka fito da ita ba, yara za su bi ta da tsokana. Matarsa tana da hawan jini. 'Ya'yansa har yanzu suna firgita. Kuma irin wannan ciwon, shi an gaya masa, lafawa yake ba warkewa ba. A nan kuwa ga likitoci, ga magani, ga kulawa, me gida zai ba ta da ya fi haka?

Ta juya ta nuna masa kwalinta a bakin banɗaki, ruwa ya jiƙa gefensa.

"Ga kulawar can."

Ya kalla ya kawar da kai. "Zan yi musu magana," ya ce. Ya duba agogo, ya ce ya bar mota a rana.

Da yamma Yaya ta kira Iya gefe. Yaya tana da gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, tana zaune a can bayan gari kusa da ma'aikatar katako. Ta kwatanta mata gidan ƙofa-ƙofa.

"Ki ce mata ɗiyarta tela ta warke. Ki ce ko a soro ne zan kwana. Ki ce Talata, Iya, kar ki manta, Talata."

Iya ta je ranar hutunta, ta dawo ta ce ta isar da saƙon. Gwaggon ta yi kuka, ta ce za ta nemi Auta ya kawo ta, don ba ta iya hawa motar haya. Yaya ta ji sanyi, ta kuma ji tsoro, tunda dai hanyar ta sake biyowa ta hannun Auta.

Talata ta biyar ba kowa. Ta shida ba kowa.

A tsakanin nan jikinta ya fara ba ta labari. Siminti ya kama mata ƙugu, ƙafafunta suka kumbura, tari ya sarƙe ta. Wuyan koriyar rigar ya yi mata yawa. Barcin da ta samu da ƙyar ya fara raguwa, ga masu tsallake ta zuwa banɗaki, wata ta taka mata hannu, wata ta kasa ƙarasawa ta yi a gefen kwalin. Wata safiya tana layin famfo ta ji an kira ta, can ƙasa-ƙasa, cikin ƙarar ruwan da ke zuba a bokiti. Ta waiga, ba wanda ya kira ta. Amma ta san wannan muryar. Ta daɗe ba ta ji tsoro irin na ranar ba.

Ta gaya wa Sista a hankali, da ladabi, cewa abin yana son dawowa, a taimaka mata da ƙwaya ɗaya.

Sista ta ajiye biro ta dube ta. Ba muguwar mace ba ce can-can, gajiya ce ta cinye ta, ita kaɗai a kan mata arba'in da uku.

"Mai Jira, kin zo kin tsaya kin yi mini bayani tiryan-tiryan. Mai irin wannan bayanin likita ba zai mayar da ita littafi ba. Akwai mata goma sha a waje suna jiran gado, wasu a ɗaure. Ki je ki zauna."

Iya ce ta fassara mata maganar, tana matse tsumma.

"'Yata, na ga irinki biyar a ɗakin nan. Biyu an zo an ɗauke su. Ɗaya a bakin banɗakin nan aka ɗauki gawarta. Biyu kuwa suka gane hanya."

"Wace hanya?"

"Likita ba ya rubuta mai hankali. Ranar Talata in ya zo, ki nuna masa abin da yake rubutawa. Kwana ɗaya ne a ɗakin hutu da allura, daga nan sai gado da kwano da maganinki."

"In haukace da gangan, Iya? Ni da na yi wata huɗu ina roƙon Allah ya dawo mini da hankalina?"

"Ni dai na faɗa miki. In kin zauna haka ma zuwa zai yi da kansa, kuma in ya zo da kansa ba ki san ranar tafiyarsa ba."

Yaya ta yi kwana biyar tana juya maganar. Ranar Litinin aka sallami yarinyar nan ta gado na tara da wuri, uwarta ta matsa sai da aka kira likita a waya, ta zo da ɗan'uwan yarinyar suka tafi da ita suna ta godiya. Yaya ta bi su da kallo har ƙofa. Sannan ta kalli gadon, katifa a miƙe ba kowa.

Da la'asar ta zari tsinken tsintsiya ta zauna a lungunta. Rigar nan ba ta yaguwa da hannu, ita ta ɗinka ta, ta san aikinta. Ta juya ta ciki-waje, ta bi ɗinkin kafaɗa da na gefe tana warware zaren ɗaya bayan ɗaya, tana barin ɗinki ɗaya a kowane taƙi don kar ta rabu kafin lokaci. Ta gwada da yatsa ta ga ya yi. Ta tanadi zanin da za ta ɗaura daga ciki har ƙirji, don ko me za ta yi ba za ta yi tsirara a gaban namiji ba. Hawaye ne dai suka riƙa hana ta ganin zaren.

Talata ta bakwai ta yi wanka da rabin bokiti, ta sa rigar, ta zauna kan benci. Ta yi wa kanta alƙawari ba za ta yi komai ba sai likita ya rufe jaka. Ta ba Auta safiya, ta ba shi hantsi. Duk takun da ta ji a baranda sai ta miƙe. Aka duba mace ta arba'in, ta arba'in da ɗaya, ta arba'in da biyu. Rana ta take tsaka. Likita ya mayar da murfin biro, ya ja zif ɗin jaka.

Yaya ta ce bismillahi a ranta, ta nemi gafarar Allah, ta tashi.

Bokitin tsakiyar ɗaki ta fara ɗauka ta maka da bango. Ta kwarara ihu, irin wanda ta ji wasu na yi wata huɗu. Ta kama kafaɗar rigarta ta fizga, ta tsage tun daga wuya har ƙasa da ƙara, daidai yadda ta shirya. Ta kifar da tiren magani, ta kula dai ba ta jefi kowa ba. Ɗaki ya hargitse, masu kuka na yi, masu dariya na yi. Ƙarti biyu, ma'aikatan asibitin, suka shigo a guje suka murɗe mata hannu ta baya, suka danne ta a ƙasa, gwiwar ɗaya a kan wuyanta. Sista ta zo da allura.

Kuncinta na manne da siminti ta hango ƙofa. Sandar dogarawa ta fara gani, da ƙafafu biyu kumburarru cikin silifas. Gwaggo ce, ta dafa bango, da sabon mayafi a ninke a hannunta wanda ta kawo mata na fita. Auta na bayanta. Tun safe tsohuwar ta je ta zauna masa a sabon falo ta ce ba za ta tashi ba sai ya kawo ta. Ya yi wanka, ya yi waya, ya tsaya shan mai, ya bi doguwar hanya, duk don su tarar likita ya tafi. Bai yi tsammanin za a yi masa irin wannan gata ba.

"Gwaggo!" Yaya ta ɗaga murya. "Gwaggo, da gangan na yi. Lafiyata ƙalau. Ki duba rigar, warware ta na yi, ki duba zaren..."

"Duk haka suke cewa," in ji ɗaya daga cikin ƙartin.

Allurar ta shiga. Ta nemi Iya da ido, Iya ta sunkuyar da kai tana tsince ƙwayoyi a ƙasa, tana da jikoki huɗu da take ciyarwa da tsintsiyar nan. Harshen Yaya ya fara nauyi, kalmomin suka riƙa fitowa a tauye, yawu na bin gefen bakinta. Tana ji tana gani aka ja ta zuwa ɗakin hutu, ta gaban Gwaggo.

"Kin gani ko, Gwaggo?" in ji Auta, murya a sanyaye kamar mai ta'aziyya. "Abin da nake ta ɓoye miki ke nan, don kar hankalinki ya tashi. Kina ta cewa na yi watsi da ita. Wannan zan kai cikin yara? Ko ke za ki iya da ita, da ƙafar nan taki?"

Gwaggo ta share ido da gefen mayafin da ta kawo.

"Ka yafe mini, Auta, na zalunce ka. Ashe kai kaɗai ka san abin da kake fama da shi. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Gwaggo. Ai ɗan'uwa ba shi da inda zai kai nasa."

Likita ya sake buɗe jaka, ransa a ɓace don an tsayar da shi. Ya yaga takardar sallama biyu, ya cike sabuwa ta kwantarwa, ya rubuta a sama cewa ciwon ya dawo da ƙarfi, kar a yi gaggawar sallama. Ya ce ana bukatar sa hannun wani nata. Auta ya zaro biro daga aljihun gaba, ya sa hannu nan take, bai ko nemi wurin zama ba.

Washegari da hantsi aka fito da Yaya. An aske mata kai, an sa mata shuɗiyar riga, koriyar kuwa Iya ta samu tsumma. Sista ta buɗe babban littafi ta rubuta sunanta da baƙin biro, layi bakwai ƙasa da inda ta soke shi da ja. Aka kai ta gado na tara. Tire ya zo, aka ba ta ƙwayarta fara mai tsaga, da wasu biyu da ba ta sani ba. Aka miƙo mata kwano cike da shinkafa, har da miya a kai.

Ta zauna ta riƙe kwanon, wuyanta ya sandare. Ta ci loma ɗaya. Sannan ta ajiye shi, ta sauko da ƙyar, ta kama katifar ta juya ta, don gefen bango ya yage.